Filin Tambaya da Amsa: Me Kayan Nano Suka Ƙara wa Ma'aunin Danshi?

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan fitowa, dukkansu a kan danshin iska da na'urorin da ake auna shi da su. Ta farko ta fi cin wuri, domin amsarta ce ta share wa sauran biyun hanya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai kiwon kaji ne, kuma ina da injin ƙyanƙyasar ƙwai. A hunturun da ya wuce na yi asara sau biyu a jere, domin 'yan tsaki sun fasa ɓawo amma suka maƙale suka mutu a ciki, alhali 'yar na'urar da ke nuna danshi tana cewa komai daidai yake. Ɗana da ke karatun kimiyya a jami'a ya ce mini yanzu ana ƙera waɗansu na'urori da abin da ya kira kayan nano, waɗanda suka fi tawa ji nesa ba kusa ba. Mene ne kayan nano, kuma idan na sami irin wannan na'ura shi ke nan matsalata ta ƙare? Daga wani mai kiwon kaji a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri. Ɗanka gaskiya ya faɗa, amma a ganina ba rashin ji ne ya kashe maka 'yan tsaki ba, rashin faɗin gaskiya ne na na'urar, kuma waɗannan abubuwa biyu ba ɗaya ba ne.

Bari mu fara da abin da ake aunawa. Iska tana ɗauke da ruwa a matsayin tururin da ido ba ya gani, kuma yawan abin da za ta iya ɗauka ya danganta da zafinta. Idan aka cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare da iska mai zafin digiri 20 a ma'aunin Selshiyos, iyakar ruwan da za ta riƙe kimanin giram 17 ne. A digiri 30 tana riƙe giram 30, a digiri 40 kuwa giram 51. Lambar da na'urarka take nunawa ita ce kason da iskar ta ɗauka daga cikin abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. Wannan ne ya sa hunturu yake da haɗari ga mai ƙyanƙyasa. Iskar safiya mai digiri 20 da danshin kashi 20 cikin 100, wadda ta riga ta isa ta tsaga leɓe ta fito da faso, idan ta shiga injinka aka ɗumama ta zuwa digiri 37.5, danshinta ba zai kai ko kashi 10 ba sai an ƙara mata ruwa, alhali ƙwai yana bukatar kashi 50 zuwa 55 a kwanaki 18 na farko, da kashi 65 zuwa 70 a kwanaki 3 na ƙarshe. Idan danshin ya gaza, tantanin da ke cikin ɓawo yakan bushe ya nannaɗe ɗan tsako, wanda shi ne abin da ka bayyana.

Mutane sun daɗe da lura cewa waɗansu abubuwa suna canzawa da danshi. Makaɗi ya san fatar ganga takan saki da damina sai an gasa ta a bakin wuta, uwargida ta san gishiri yakan jiƙe a watan Agusta ko ba a zuba masa ruwa ba. A shekarar 1783 wani masani ɗan birnin Janiba a ƙasar Suwizalan, Horace Bénédict de Saussure, ya ɗaura silin gashin ɗan Adam a jikin allura mai juyawa, saboda gashi yana ƙara tsawo da kimanin kashi 2 cikin 100 tsakanin busasshiyar iska da jiƙaƙƙiya. Na'urorin lantarki na yau mafi yawansu sun bi sahun wadda kamfanin Vaisala na ƙasar Finlan ya fitar a 1973, wato siririn falle na wani nau'in roba a tsakanin ƙarafa biyu. Ruwa yana da ƙarfin taimaka wa riƙe caji wanda masana suka ba lamba 80, robar kuwa lambarta 3 ce ko 4, saboda haka ruwa kaɗan idan ya shiga jikinta sai cajin da ƙarafan biyu suke riƙewa ya ƙaru, na'urar ta lissafa ta nuna lamba. Cikas ɗin shi ne sai ruwan ya ratsa robar kafin a ji shi, abin da ke ɗaukar sakan da yawa, kusan 8 a waɗansu na'urori masu kyau da ke kasuwa.

A nan kayan nano suka shigo. Nanomita ɗaya shi ne mita da aka raba gida biliyan ɗaya, kuma kaurin silin gashi ɗaya yakan kai nanomita 80,000 ko kusa da haka. Duk abin da aka sarrafa har kaurinsa ko faɗinsa ya koma tsakanin nanomita 1 zuwa 100, shi ake kira kayan nano, ko gari ne, ko zare, ko falle. Amfanin wannan ƙanƙanta ga mai auna danshi shi ne fuska, domin a fuskar abu ƙwayoyin ruwa suke sauka. Ka ɗauki ɗunƙule mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare, kamar ɗan ƙaramin ɗunƙulen miya: fuskokinsa shida duka murabba'in santimita 6 ne kawai. Idan aka yanyanka shi zuwa ƙananan ɗunƙule masu nanomita 10, nauyinsa bai ƙaru ba, amma jimillar fuskarsa ta zama murabba'in mita 600, wato ta fi fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100. Abin da ke da fuska haka ruwa ba ya bukatar ratsa shi, yana sauka an ji shi.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne girafin. Bakin fensir da yara suke rubutu da shi falle-falle ne na sinadarin kabon a jibge, kuma a 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Mancesta a Ingila suka ɓamɓaro falle guda mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak ta hanyar amfani da salatif, aikin da ya jawo musu kyautar Nobel a 2010. A lissafi, giram ɗaya na girafin yana da fuskar murabba'in mita 2,630, giram uku sun rufe filin ƙwallo. Sai dai tsurar girafin ba ya son ruwa sosai. Wanda masu ƙera ma'aunin danshi suka fi so shi ne ɗan'uwansa da aka yi wa ɗori da oksijin a sama da ƙasa da gefe, domin kowane wurin da oksijin ya zauna ya zama maƙalin ruwa. Idan irin waɗannan fallaye suna jibge a bushe, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai nanomita ɗaya ba, amma da danshi ya yi yawa sai ruwa ya kutsa tsakaninsu su kumbura, tazarar ta kusa ninkawa.

Yadda wutar lantarki take sanar da zuwan ruwan ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙwayoyin ruwa na farko da suka sauka suna maƙalewa gam a warwatse, ba su taɓa juna, saboda haka wuta ba ta samun hanya. Da danshi ya ƙaru sai wani sahu ya hau kan na farko, wani ya hau kansa, har ƙwayoyin su haɗu su zama shimfiɗa ɗaya. Daga nan ƙwayar haidirojin mai ɗauke da caji takan yi tsalle daga wannan ƙwayar ruwa zuwa maƙwabciyarta, ita kuma ta saki tata ga ta gaba, kamar yadda leburori suke jeruwa a wurin gini suna miƙa wa juna bulo ba tare da kowa ya bar inda yake tsaye ba. Theodor Grotthuss ne ya fara kawo wannan bayani tun 1806, kuma da sunansa ake kiransa har yau. Saboda layin ba ya aiki sai ya haɗu, ƙarin danshi kaɗan yana iya ninka wutar da ke wucewa sau ɗaruruwa ko dubbai, kuma wannan ne jin da ɗanka yake magana a kai.

To amma abin da ke saurin kama ruwa ba lalle ne ya yi saurin sakinsa duka ba. Kayan nano da yawa cike suke da ƙananan ramuka, kuma a cikin rami mai ƙunci tururi yana komawa ruwa tun iska ba ta ƙoshi ba: rami mai faɗin kimanin nanomita 3 yakan cika a danshin kashi 50, mai faɗin nanomita 20 sai wajen kashi 90. Idan ramin yana da ƙaramin baki da babban ciki kamar tulu, ruwan yakan ƙi fita ko bayan iska ta bushe, sai na'ura ta nuna lamba ɗaya lokacin da danshi yake hawa, ta nuna wata daban lokacin da yake sauka, alhali iskar ɗaya ce. Bayan wannan akwai tsufa. Girafin mai oksijin yana canzawa a hankali da zafi da daɗewa, kuma wani sabon rukuni da ake kira MXene, wanda aka fara haɗawa a Jami'ar Drexel ta Amurka a 2011, danshin da ake so ya auna shi ne yake lalata shi sannu a hankali kamar yadda tsatsa take cin ƙarfe. Sannan fuskar da ke marhabin da ruwa tana marhabin da waɗansu baƙi, irin su hayaƙi da ƙura da iskar amoniya mai yaji da ke tashi daga kashin kaji. Waɗannan dalilai ne suka sa mafi yawan irin waɗannan na'urori har yanzu suna ɗakunan bincike, kasuwa kuwa tana hannun masu roba.

Abin da nake ba ka shawara ba ya cin kuɗi. Ka cika murfin kwalba da gishirin miya, ka ɗiga masa ruwa har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi amma bai narke ba, ka sa shi tare da na'urar a cikin roba mai murfi da ke rufuwa ruf, ba tare da gishirin ya taɓa na'urar ba, ka ajiye a inuwa daga dare zuwa wani daren. Jiƙaƙƙen gishiri yana tsayar da danshin da ke kewaye da shi a kashi 75, kuma ɗan bambancin zafin ɗaki bai cika canza wannan ba. Idan na'urarka ta nuna 87, ka san tana ƙara 12, ke nan ranar da ta ce maka 65 ƙwanka yana cikin 53 ko makamancin haka. Ka kuma riƙa haska ƙwai da tocila kana duba girman gurbin iska da ke gefensa mai faɗi, ko ka auna tire guda a sikeli, domin ƙwai mai lafiya yakan rasa kimanin kashi 11 zuwa 13 na nauyinsa zuwa rana ta 18. Idan ya rasa fiye da haka, injin ya bushe ko me na'urar ta ce.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na ji an ce akwai na'urar danshi da za a iya sa wa a takunkumin fuska ta ƙirga numfashin majinyaci. Shin gaskiya ne, kuma me ya haɗa danshi da numfashi? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai Malama, Allah ya ba da ladan jinya. Gaskiya ne, kuma a nan ne saurin kayan nano, wanda ba zai amfani Alhaji mai kaji ba, yake da rana. Danshin cikin injin ƙyanƙyasa ko na rumbu a hankali yake canzawa, cikin mintoci ko sa'o'i, saboda haka na'ura mai amsawa cikin sakan 8 ta wadatar. Numfashi ba haka yake ba. Iskar da mutum ya fitar kusan a ƙoshe take da ruwa, shi ya sa madubi yake yin hazo idan kika hura masa, wadda ya shaƙa kuwa ta ɗaki ce. Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, jariri sabon haihuwa yakan kai sau 60, wato sau ɗaya a kowane sakan, kuma na'urar da za ta bi wannan dole ta jiƙe ta bushe kafin numfashi na gaba, in ba haka ba sai ta haɗe su duka ta nuna miƙaƙƙen layi.

A 2013 masu bincike na cibiyar kamfanin Nokia da ke Kambirij a Ingila suka wallafa sakamakon wata na'ura da suka yi da siririn falle na girafin mai oksijin, wadda take amsawa cikin kimanin kashi 30 cikin 1,000 na sakan ɗaya, ta kuma koma daidai cikin kusan wannan lokacin. Ƙiftawar ido ma ta fi haka daɗewa. Sirrin shi ne rashin kauri, domin fallen 'yan nanomita ne, ruwa ba shi da nisan tafiya shiga ko fita. Shekara ɗaya kafin nan masu bincike a Mancesta sun nuna wani abin mamaki game da wannan falle, cewa yana tare iskar hiliyom, wadda take sulalewa ta ƙofofin da sauran iska ba sa iya bi, amma tururin ruwa yana ratsa shi kamar babu komai a gabansa.

Ki lura cewa a aikin ƙirga numfashi, aibobin da na lissafa a amsar farko ba su da nauyi sosai, domin ba a tambayar na'urar ko danshin 82 ne ko 88, ana tambayarta ne sau nawa ya hau ya sauka, da tsawon lokacin da ya tsaya cik, kamar yadda yake faruwa ga masu ɗaukewar numfashi a cikin barci. Kuma abin da za a yar tare da takunkumi bayan kwana ɗaya ba ya jiran tsufa. Ba ma sai an kai ga girafin ba, domin a 2016 wani rukuni a Jami'ar Habad ta Amurka ya yi irin wannan da takarda zalla da aka zana wa tawada mai ɗaukar wuta, tun da zaren takarda ma yana shan danshi. Sai dai nuna abu a ɗakin bincike daban, amincewa da shi a gadon asibiti daban, saboda haka kada ki ajiye agogonki da ƙirgen da kika saba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe a sashen kimiyyar sinadarai, ina so in yi aikin kammala karatuna a kan wannan fanni, amma ɗakin gwajinmu ba shi da manyan na'urori. Zai yiwu? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Zai yiwu ɗana, muddin ka zaɓi tambayar da kayan hannunka za su iya amsawa. Da farko gargaɗi. Hanyar da aka fi bi wajen haɗa girafin mai oksijin ita ce wadda William Hummers da Richard Offeman suka wallafa a 1958, kuma tana haɗa ruwan asid na salfa mai kauri da sinadarin famanganet, haɗin da yake iya fashewa idan zafi ya kufce. Kada ka taɓa ta sai a gaban malaminka, da ƙanƙara, da wurin da ke zuƙe hayaƙi. Haka kuma busasshen garin nano ba abin shaƙa ba ne. A 2014 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa wani nau'i na siraran bututun kabon a jerin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar. Garin zinki mai oksijin ya fi sauƙin haɗawa da sauƙin haɗari, kuma masu bincike da yawa sun haɗa shi da taimakon ruwan ganyaye irin su zogale da darbejiya.

Abin da ba za ka iya yi ba tare da madubin lantarki mai ƙara girma ba shi ne tabbatar da girman ƙwayoyin da ka haɗa, saboda haka ka tanadi kuɗin aika samfuri inda ake da shi, kuma kada ka rubuta kalmar nano a kan abin da ba ka auna ba. Auna danshin kansa kuwa ba ya bukatar injin miliyoyi. Dabarar gishirin da na ba Alhaji ita ce masana suke bi, sai dai da gishiri iri-iri: na litiyom kulorayid yana ba da kashi 11, na maganiziyom kulorayid 33, gishirin miya 75, fotasiyom kulorayid 84, fotasiyom salfet 97, duka a zafin digiri 25. Kwalabe biyar masu murfi da mitar auna turjiyar wuta sun ba ka matakan danshi biyar da za ka gwada na'urarka a kansu. Ka bi su daga ƙasa zuwa sama, sannan ka dawo daga sama zuwa ƙasa, ka rubuta tazarar da ke tsakanin tafiya da dawowa, domin ita ce ɗalibai suka fi mantawa da ita. Idan ka samu hali ka auna da wuta mai kai da komo, saboda wuta mai tafiya gefe ɗaya tana tara caji a bakin ƙarafan, lambar ta yi ta zamewa kana kallo.

A ganina abin da ya fi daraja da za ka iya kawowa shi ne haƙuri. Rahotanni da yawa a wannan fanni suna gwada na'ura na 'yan kwanaki ko makonni a ɗaki mai sanyaya iska, kai kuwa kana zaune inda danshi yake faɗuwa ƙasa da kashi 20 a watan Fabrairu da ƙura a kansa, ya haura kashi 80 a watan Agusta. Ka ƙera na'ura guda shida iri ɗaya, ka bar uku a cikin kwalba a rufe, ka rataye uku a inuwa inda iska take kaɗawa, ka riƙa mayar da dukkansu kan gishirin nan biyar kowane mako kana rubutawa, daga hunturu har damina ta sauka. Idan kana neman inda sakamakon zai yi amfani, ka dubi ajiyar amfanin gona, domin funfunar da ke haifar da gubar afalatoksin a gyaɗa da masara ba ta yaɗuwa idan danshin iskar da ke cikin buhu yana ƙasa da kashi 65, kuma a kan wannan lamba masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka gina wani kati mai suna DryCard, wanda yake canza launi a cikin rufaffen mazubi ya gaya wa manomi ko hatsinsa ya bushe. Ka sa shi a cikin kwalba ɗaya da na'urarka, da farko da gyaɗar da aka shanya kwana biyu, sannan da wadda aka shanya mako guda, ka ga ko za su yi baki ɗaya.